Ƙorafi Kan Barina Da Aka Yi A Lambun Gilashi

Daga: Ɗelu Hussaini,
Matar Malam Fatihu Ahmadu,
Hawa na tara, bayan tashar jirgin ƙasa ta LRT,
Kampung Baru, Kuala Lumpur.

Litinin, 26 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga: Mai girma Shugaba, Dakta Zahraddeen Al-Amin,
Ƙungiyar Iyalan Ɗaliban Arewa Mazauna Kuala Lumpur.
Ta hannun Sakatare, Malam Tajuddeen.

Ranka ya daɗe,

Game da: Barina da aka yi a tsohon lambun sarauta yayin yawon buɗe ido na ranar Asabar, 17 ga Mayu, da kuma cewa da aka yi ban je ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ni ba ma'abociyar rubuta takarda ba ce, kuma Allah ya sani na yi mako guda ina fasawa. Amma maganar ta kai inda shiruna ya fara cutar da ni.

Domin tunatarwa: ni ce matar Malam Fatihu, wanda yake digiri na uku a fannin noma. Ya tafi Najeriya tattara bayanan bincikensa tun watan Fabrairu, kuma kafin ya tashi ya zo har gidanka ya ba ka amanata. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, don haka ni kaɗai ce a gidan. Da aka sanar da tafiya ganin ɗakunan gilashi na tsohon lambun sarauta, shi da kansa ya ce in je in sha iska, don ya san wani lokaci sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Yadda ake ƙirga mutane. Da safe a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda bas ta ɗauke mu, Sakatare ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa ko iyalansa sun cika, shi kuma ya amsa. Haka muka saba, ban ga laifinsa ba a lokacin. Sai dai ba a kira sunan maigidana ba tunda ba ya nan, kuma ba a kira nawa ba tunda ba a kiran sunan matan mutane a gaban maza. Na shiga, na wuce kujerar baya, na zauna kusa da kulolin abinci. Wato tun kafin mota ta tashi ba na cikin lissafi, ni ce dai ban sani ba.

2. Maganar hotuna. Da muka isa, kowace mace tana riƙe da yaro ko jakar yaro, ni ce mai hannu biyu a sake. Sai wayoyi suka yi ta zuwa hannuna. A ɗakin furanni masu sanyi ni na ɗauka, a gaban gunkin dutsen da ke fesa ruwa ni na ɗauka, babban hoton da kuka jeru gaba ɗaya a ƙofar ɗakin gilashi na farko ma ni na ɗauka, da wayar uwargidanka, Hajiya Walida. Ban ƙi ba, har daɗi na ji da ake kirana, ko da kuwa da 'yar'uwa ake kiran nawa. Amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce in kawo wayar ni ma in shiga ba.

3. Barina da aka yi. Wuri na ƙarshe da aka kai mu shi ne wata rumfa mai ƙubba wadda jagoranmu ya ce ta baƙin tsirrai ce, waɗanda aka kawo daga ƙasashe masu nisa. Ranka ya daɗe, me zan gani? Tumfafiya ce, wadda ko akuya ba ta kallo a bayan gidanmu a Bichi, an sa ta a tukunya an kewaye da igiya kada a taɓa. Ga itacen kariya ya yi fure, ga wata 'yar kuka da ba ta fi tsayina ba. Iskar ɗakin a bushe take, irin wadda rabona da shaƙarta tun ranar da na sauka a ƙasar nan. Yara suka ce wurin ba daɗi, da Turanci da Malayanci, suka ja iyayensu waje. Ni kuwa na tsaya gaban kukar nan. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka, domin mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai tana daka miya a tsakar gida. Da na goge fuska na fito, filin ajiye motoci babu bas.

An sake ƙirgawa kafin a tashi, na sani, kuma kowane magidanci ya amsa cewa iyalansa sun cika. Gaskiya suka faɗa. Ba wanda ya yi ƙarya, shi ya sa abin ya fi ciwo.

4. Wayata tana hannuna kuma da caji, ina so a rubuta wannan. Ban kira kowa ba. Na zauna a benci a bakin ƙofa ina jira in ga ko wata za ta waiga ta ga kujerar baya babu kowa. Aka yi ruwan la'asar, ya ɗauke. Ina zaune a wurin saƙon Sakatare ya shigo zauren ƙungiya na waya cewa alhamdulillahi kowa ya isa gida lafiya, mutane suna ta sa alamar hannun addu'a a ƙarƙashinsa. Wata tsohuwa 'yar Malay mai sharar lambun ce ta ba ni ruwa, ta raka ni inda ake hawa motar gari, muna magana da hannu. Na shiga gida ana kiran magariba.

5. Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, na haɗu da Hajiya Walida a kasuwar Chow Kit, wajen masu kifi. Ta gaishe ni da fara'a, sannan ta tambaye ni abin da ya hana ni zuwa yawon, wai na yi asarar kallo. Haba! Wayarta fa na riƙe. Sai kawai na ce mata Allah bai nufa ba.

6. Wannan shi ne babba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na ba maigidana labarin duk abin da ya faru, ransa ya ɓaci, ya kira ka. Kamar yadda ya faɗa mini, ka amsa masa cewa ba ka tuna ka gan ni ba, an ƙirga iyalai sau biyu sun cika, kuma ga hotuna nan ya duba. Na yarda ba ka gan ni ba, domin kai mutum ne mai kawar da kai daga matan mutane, kuma abin yabo ne. Amma shi yana can nesa, ya duba hotuna sama da arba'in babu fuskata ko a ɗaya. Bai zarge ni da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tambaye ni sau biyu, a hankali, inda na wuni ranar Asabar. Tun daga nan wayarsa ta gajarce, gaisuwa ce kawai da tambayar ko akwai abinci. A garin nan muryarsa ce kaɗai nake jira kullum, yanzu ita ma tana neman gagarata.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa biyu. Na farko, daga yau idan za a ƙirga mutane a tafiyar ƙungiya, a wakilta mace ɗaya ta ƙirga mata da kawunansu, domin ba ni kaɗai ce mijina ke tafiya ba. Na biyu, ina roƙon ka kira Malam Fatihu da bakinka ka shaida masa cewa na je. Ba na neman a ba ni haƙuri a gaban jama'a, kuma ba na so a ci mutuncin Sakatare.

Na san ba za ka shaidi abin da ba ka gani ba. Don haka ina roƙon ka buɗe babban hoton nan da kuka sa a fuskar zauren ƙungiya, ka ja shi ya yi girma. Ka bar kallon fuskokin da ke murmushi, ka dubi gilashin ƙofar da ke bayanku, sama da kafaɗarka ta hagu. Za ka ga inuwar wata mace da hijabi ruwan toka, ta ɗaga hannu biyu tana riƙe da waya. Ranka ya daɗe, ni ce. A nan kaɗai na fito.

Ina fatan za a dubi kukana da idon rahama. Allah ya ƙara wa shugabancinka albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.

Taka cikin girmamawa,

Ɗelu Hussaini.