Ƙorafi a Kan Takardar Sulhun da Ta Raba Zalika da Uwarta

Zuwa ga:
Mai girma Alƙali mai kula da shari'un iyali da na al'ada,
Kotun Birnin Ƙonni, Jihar Tawa.

Daga:
Mika'ilu Baƙo, manomi kuma mai gyaran rediyo,
Tungar Takama, komin (ƙaramar hukumar) Alela.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Roƙon a dakatar da takardar sulhu ta ranar 24 ga Oktoba, 2024, wadda aka rubuta a zauren maigarin Tungar Takama tsakanin Mudassir Baƙo da Barira Jaje

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, ina neman gafara tun farko idan rubutuna ya saɓa tsarin buro, wato na ofis. Ban yi lakwal ba. Karatun boko da girmana na koya wa kaina, kuma na ƙi ba wani ya rubuta mini wannan takarda domin kada a sassauta abin da nake son faɗi.

Ya kamata mai girma ya san wanda ke ƙorafin. Mudassir ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu ne sulhun ya ba gaskiya, kuma yarinyar da ake magana a kanta, Zalika, mai shekara biyar, tana ɗakin matata Kubra a yanzu. Ke nan ƙarar gidanmu nake kawowa.

Ranar 6 ga Satumba Mudassir ya saki matarsa Barira, ɗiyar Jaje makiyayi, bayan shanun mahaifinta sun yi mana ɓarna a gonar wake, rigimar gona ta bi su har cikin ɗaki. Ba a kan sakin nake ƙorafi ba. 'Ya'yansu biyu ne, Zalika ɗiyar fari, da Anwar da ke shan nono. A kan rabon yaran aka zauna sulhu, kuma ga abubuwan da nake kuka da su.

1. An sa ranar zama alhali kowa ya san tun bayan ɓarnar Jaje yana arewa da garke, ba zai sauko ba sai an saki gonaki. Barira ta shigo zaure babu namiji ko ɗaya daga danginta. Mahaifiyarta ta rako ta, amma aka bar ta waje wajen mata.

2. Mahaifina, Malam Baƙo, yana cikin dattawa huɗu da maigari ke kira idan za a yi sulhu. Ran nan ma an kira shi, ya zauna dama da maigari. Shi ne kakan yaran, shi ne mai gonar da aka ɓata, shi ne surukin da Barira ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba cikin shekara bakwai. Ban ga yadda mutum zai zama mai ƙara kuma mai raba gardama a tabarma ɗaya ba.

3. Maigari ya umarci Barira ta ambaci sunan ɗan da take so a bar mata. Ta ambaci Anwar. Aka tambaye ta ko da saura. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sau uku aka maimaita, sau uku ta yi shiru. Ranka ya daɗe, mai girma ya san al'adarmu a kan ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna tana son sa gaban mutane, balle gaban suruki, kuma a rugar su Barira abin ya fi namu tsanani. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan Zalika a bakinta ba. Waccan take ce mata, ko yarinyar nan. An nemi ta faɗi abin da aka raine ta a kan kada ta faɗa, a gaban mutumin da ta fi jin nauyi a duniya.

4. Malamin lakwal ɗin garinmu shi ke riƙe alƙalami a irin wannan zama. Ya rubuta da Faransanci cewa uwa ta nemi ɗa ɗaya, ta bar ɗayan ga uba da yardarta. Ba na ganin laifinsa sosai, baƙo ne, a birni ya tashi, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Amma dattawan nan huɗu da maigari da liman duk sun san abin da shirun ke nufi, matansu ma haka suke yi, kuma babu wanda ya gyara masa. Aka kama yatsanta aka dangwala a takarda ba tare da an karanta mata ita da Hausa ko Fulatanci ba.

5. Wannan ƙorafi a kaina yake. Ina cikin zauren, kusa da ƙofa. Na gane abin da ke faruwa tun tambaya ta biyu, na buɗe baki, sai na ga mahaifina, na rufe. Kusan wata guda ke nan ina juya wannan abu a raina. Kunyar da ta hana Barira magana ita ce ta hana ni. Tata an rubuta ta a takarda an ce yarda ce, an karɓe mata ɗiya. Tawa kuwa da aka tashi dattawa suka sa mini albarka, wai ni ɗa ne mai ladabi. Na kasa gane ma'aunin da aka yi wannan awo da shi.

6. Ban zo kotu ba sai da na bi hanyoyin gida. Ranar 28 ga Oktoba na koma wajen maigari, ya ce takarda ta riga ta sha hatimi, shi ba ya warware abin da dattawa suka ɗaure. Ranar 1 ga Nuwamba na sami liman bayan sallar Juma'a. Ya yarda cewa reno a wannan shekaru haƙƙin uwa ne, ko a al'adarmu ma ba a karɓar yaro sai ya kai bakwai, amma ya ce da ƙyar aka kashe wuta tsakanin manoma da makiyaya bana, kada in hura ta saboda yarinya ƙarama. Na yi tunanin maganarsa da gaske, domin ni ma ba na son a zubar da jini a kan wake. Sai dai na tambayi kaina, idan zaman lafiyar gari sai an ɗora shi a kan ƙarya, kuma wadda ta ɗauki nauyin ƙaryar 'yar shekara biyar ce da ba a tambaye ta ba, mene ne sunan wannan abu? Na dai san ba sulhu ba ne. Ranar 11 ga Nuwamba na zo buron kotu, aka ce in rubuto.

7. Halin da yarinyar ke ciki. Kubra na iyakar ƙoƙarinta, amma Zalika ta rage cin abinci, ta daina wasa da yaranmu. Kowace Juma'a Barira na shigowa gari tallan nono. Takan tsaya bayan dangarmu tana kiran nono fiye da yadda ciniki ke bukata, a gidan da ta san ba mai saye. Idan za ta tafi sai ta ajiye ƙaramar ƙwarya ta kindirmo a bakin danga, ba ta ce ta wane ce ba. Wannan ita ce matar da takarda ta ce ta bar ɗiyarta da yardarta.

Adalci ya sa in faɗi hujjar mahaifina. Ba mugu ba ne, yana son jikarsa. Tsoronsa shi ne ta tashi a ruga tana bin maruƙa ba karatu. Wannan magana ce da ta cancanci a zauna a kanta, a sa sharaɗi idan ta isa shiga lakwal. Amma ba a yi ta a zaure ba, domin an sami hanya mai sauƙi.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, Mudassir zai tafi cirani ranar Laraba 4 ga Disamba, kuma an shirya a ranar zai biya ya ajiye Zalika wajen yayarmu da ke aure a tsallaken iyaka, cikin Najeriya. Idan ta ƙetare, ban san ta inda takardar wannan kotu za ta bi ta dawo da ita ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma:

Na ɗaya, a dakatar da aiki da takardar 24 ga Oktoba, a kuma hana fitar da yarinyar daga ƙasa kafin a sake sauraro.

Na biyu, a sake zama a gaban kotu ko gaban masu sulhun da ba su da dangantaka da gidanmu, a jira Jaje ya sauko ko ya aiko wakili.

Na uku, a sa mace ta tambayi Barira a ɗakin da babu namijin gidanmu, kuma kada a nemi ta ambaci suna. A karanta mata duk abin da aka rubuta da harshen da take ji kafin a nemi yatsanta.

Ni shaida ne, kuma zan maimaita duk wannan da rantsuwa a gaban mahaifina. Ya riga ya aiko mini ta bakin ƙanensa cewa ran da na taka kotu a kan maganar nan, in nemi gonar da zan noma baɗi. Na ji. Idan sammaci ya fito, a ba ni shi a hannu, ni zan ɗauko Zalika a babur in kawo ta ranar da aka sa. Inda zan sauka bayan an tashi, wannan matsalata ce, ba ta kotu ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne ranar ta zo kafin 4 ga Disamba.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya yi masa jagora a kan gaskiya. A karɓi gaisuwata da cikakkiyar biyayya.

Naka mai ladabi,

Mika'ilu Baƙo
Tungar Takama