Katin Keji na Bakwai

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa, na san hannunki cike yake da jinyar Inna da hidimar gida, ga shi na ƙara miki da karatun takarda. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙirjin Inna? Tana amfani da abin shaƙarta, ko har yanzu ɓoye shi take yi a ƙarƙashin matashi? Mu nan lafiya lau. 'Yata mai jego ta fara zama da kanta, jaririyar kuwa ba ta san komai ba sai tsotso da barci.

Da maganar waya ce da tuni na kira ki. Amma kin san Inna, a yi mata sallama sau uku ba ta ji ba, a yi raɗa a bayan ɗaki ta kawo amsa.

Yaya, na yi kuskure a wurin aiki, kwana uku ke nan ban faɗa wa kowa ba.

Kullum kina tsokanata da uwar ɓeraye, amma ban taɓa yi miki bayanin aikin ba. Cutar nan ta korona ta sake sauya kama, an kawo sabon nau'inta gidan bincikenmu. Ɓerayen ɗakina kashi biyu ne. Masu koren kati an yi musu allurar riga-kafi, irin wadda aka yi mana. Masu jan kati ba a yi musu ba. Ranar Alhamis aka ɗiga wa dukkansu cutar a hanci, ana jira a ga ko garkuwar jikin masu koren za ta tsaya. Biyar-biyar suke a keji, farare tas, ko ni da nake ba irinsu abinci shekara tara ba zan iya raba na wannan keji da na wancan ba. Katin da ke rataye a jikin keji shi kaɗai ke faɗin su wane ne. Shi ya sa dokar farko da aka koya mini ita ce kada a taɓa cire kati biyu lokaci ɗaya.

Ranar Asabar gorar ruwan keji na bakwai ta tsiyaye, ta jiƙa shi har da na takwas da ke ƙasansa. Na ga 'yan bayin Allah sun jiƙe suna rawar ɗari, tausayi ya rufe mini ido. Na sauke kejin biyu kan tebur, na zare katunan duka biyu don in goge. Gilashin da muke rufe fuska da shi ya yi hazo da numfashina, kati ɗaya ya suɓuce daga safar hannuna. Da na ɗago daga ɗauko shi, ga keji biyu iri ɗaya a gabana, ga kore da ja a hannuna. Na mayar da su yadda zuciyata ta fi rinjaya. Rinjaye ne kawai, Yaya, ba yaƙini ba.

Jiya aka ɗora su a sikeli. 'Yan keji na bakwai, masu koren kati, sun rame, gashinsu ya miƙe, sun cure a kusurwa ɗaya. 'Yan na takwas kuwa, masu ja, suna ta haƙa a cikin dusar katako. Likitar da ke shugabantar aikin ta auna sau biyu, ta tsaya tana kallon lambar. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ita ma sai da ta matso ta leƙa sikelin.

Kin tuna Malam ya koya mana cewa wanda ya yi shakka a raka'a ya yi gini a kan abin da ya tabbata. Ni ba ni da abin da na tabbata. In na yi magana, wataƙila a karɓe mini makullin ɗakin. In na yi shiru, za a rubuta ƙarya a kan allurar da ni da bakina na yi wata biyu ina lallashin Inna har ta miƙa hannu aka yi mata. Ga shi da ƙarfin wannan allurar take shirin zuwa ganin jaririya ranar Laraba ta sama.

Ki ba ni shawara, ke ce babba. Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Juma'a

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso shekaranjiya ta hannun direba. Na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi dariya inda kika ce Auta mai furfura har yau ba ta iya ɓoye ko fashewar kofi ba. Na ji daɗi da Inna ta samu barci. Ki yi wa maƙwabciyarku mai ɗinki sannu da tarin da kika ce yana damunta.

Na bi maganarki. Jiya da hantsi, bayan mun fito mun tuɓe rigunan kariya, na sami Likita a ofishinta. Na tsaya bakin ƙofa, makullin yana hannuna, don in ta ce in ajiye kada in tsaya lalube. Na faɗa mata komai, daga gorar ruwa har faɗuwar kati, ban rage ba.

Yaya, na shirya wa faɗa. Abin da na gani ya fi faɗa ba ni tsoro. Matar nan da ta kwana uku fuskarta a ɗaure, sai na ga ta washe. Ta taso ta riƙe hannuwana biyu, ta sa na maimaita mata, ta tambaye ni ko ina ganin da gaske na musanya su. Na ce ban sani ba. Ta ce Allah ya sa na musanya, ta faɗa har sau biyu. Sannan ta sa aka ɗebi jinin 'yan kejin biyu, ta ce jinin zai nuna wanda aka taɓa yi wa allura, amma sai Litinin. Ta ce in zauna a ɗakin wanke gorori kafin nan, kada in shiga wurin ɓerayen.

Rediyo ta same ni can tana dariya, wai tun da take ba ta taɓa ganin ma'aikaciyar da shugaba ke roƙon Allah ya sa ta yi ɓarna ba, wai in koya mata sirrin. Na yi murmushi don kada ta ji kunya. Amma ina cikin wanke gorori maganar ta zauna mini. In ni na musanya katin, to marasa allura ne suka kwanta, ba wani abin mamaki, allura tana nan da ƙarfinta. In kuwa ban musanya ba, masu allura ne ke kwance.

Kwana biyar na yi ina roƙon Allah ya sa ban yi kuskure ba. Tun jiya na juya addu'ar. Ban san ko ya halatta bawa ya roƙi ya zama mai laifi ba, amma na roƙa, a kowace sujada.

Kin ce Inna ta haɗa jakarta tun yanzu, ta sa katin allurarta tare da carbi, tana nuna wa duk wanda ya shigo, wai ɓerayen Auta sun gwada mata. Ki bar ta da jakarta tukuna. Kada ki ce komai sai kin ji daga gare ni.

Taki,
Auta

Ranar Litinin

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, musamman Inna. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake kada direba ya tashi.

An wanke ni. Jinin ya nuna kowane kati a kan kejinsa na mayar da shi. Likita ta kira ni da safe, ta ce in koma ɗakina, ta ce hannuna ya fi zuciyata tunawa. Ban taɓa jin nauyin yabo irin na yau ba.

Ko ba jinin ma, da na shiga na gani da idona. 'Yan na takwas da ke haƙa ranar nan jinkiri kawai suka yi, sun kwanta, uku sun mutu. Wannan an zata. Amma na tara, da na sha ɗaya, da na sha uku, duk masu koren kati, waɗanda ban taɓa saukewa ba, su ma sun cure a kusurwa, cikinsu na ɗagawa da sauri. Ɗakin nan da kike shiga ki ji ƙaras-ƙaras ta ko'ina, yau ba abin da ake ji sai injin iska. Na cika gorori na zuba abinci, kamar yadda na saba, ba wanda ya taso. Rediyo ta yi aikinta ta gama ta fita.

Na tambayi Likita ko amana ta yarda in faɗa wa 'yan gidanmu. Ta ce yau za ta aika da sakamakon ga waɗanda ya kamata su sani, ba abin ɓoyewa ba ne. Ta ce in faɗa daidai, kada in ƙara. Ɓera ba mutum ba ne, sai an sake gwadawa. Masu allurar ba su mutu kamar marasa ita ba, don haka ba a banza aka yi ta ba. Sai dai wannan sabon nau'in ya samu ƙofar shiga. Na ce mata ina da tsohuwa mai ciwon ƙirji da za ta yi awa shida a mota cike da mutane jibi. Ta dube ni, ta ce in da uwarta ce, ba za ta bar ta ta taka ko bakin titi ba.

Don haka, Yaya, ina roƙonki, kada ki sa Inna a mota. Na san za ta yi fushi, za ta ɗaga katin nan ta ce ai Auta ce ta rantse mata. Ki ce mata Autar ce dai ta ce ta zauna. Wannan takardar ki karanta mata, ki ɗaga murya, gara ta ji daga bakina. Jaririya ba inda za ta, zan ɗauki hotonta in aiko. Ki fito da takunkuman da suka rage a durowa, ki rage masu shigowa gaishe ta.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun safe. Na sake duba takardarki, inda kika ce mai ɗinki tana tari. Na tuna ita ce ke zuwa kullum bayan la'asar ta zauna a bakin gadon Inna suna hira, har tana gyara mata matashi. Yaushe tarin ya fara? Akwai zazzaɓi? Ranar yaushe ta shiga ɗakin na ƙarshe? Inna fa, tana cin abincinta? Numfashinta ya sauya ko kaɗan?

Direba zai juyo gobe da safe. Don Allah ki ba shi amsa, ko layi biyu ne.

Ƙanwarki mai jiran ji,
Auta