Yajin Inna Ba Zai Rusuna wa Kwalba Ba

"Mama, muddin sunanki yana kan ƙofar nan, kwalba ba za ta hau teburinmu ba." Maganarka ce, Dikko, ranar da na miƙa maka makullin gidan abincina na 125th Street, ƙanwarka Humaira tana tsaye.

Ni Zuhura, mahaifiyarku, na rubuta wannan da cikakken hankalina. Zuciyata likitoci za su buɗe ranar Litinin, ba kaina ba, don haka kada wani ya ce magani ne yake magana.

Na ɗaya. Harshena ne ya fara kawo ƙararka. Dambun naman da ka aiko mini gida a unguwar Soundview salam yake, kamar na marar lafiyar da aka hana komai. Na matsa wa Humaira har ta nuna mini hotunan abin da kake yi a gidan abincin. Ashe kowace Asabar kana tara baƙi kana haɗa musu girkina da burandi, barasar inabin nan da ake tacewa a ajiye a gangar itace shekara da shekaru. Dambu da mai shekara goma, kilishi da wadda ta girme ta, alkaki da dabino da tsohuwarsu duka. Ka rataya allo, a samansa ka rubuta "Teburin Hajiya Zuhura". Hajiya fa. Har Makkan da na je ka tsiyaya a kofi.

Na biyu. Ban yi fushi cikin jahilci ba. Na aro littattafan masu burandin a laburare na karanta. Masanansu sun ce tsohuwar burandi ba ta shiri da barkono, zafi kan zafi ne, yana kashe ƙamshin itacen da aka daɗe ana jira. Nan na gane dambuna. Ka rage barkono da masoro da citta a yajin Inna, mahaifiyata, don kwalba ta sami filin magana. Matar nan ta tsufa tana daka yajin nan a Kano, hawaye na zuba, babu mai sayen da ya taɓa cewa ta rage. Hukuncin giya ka san shi tun kana Islamiyya, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma sunan nawa ne, yajin kuma na uwata ne.

Na uku. Fusena, wadda muka fara tuƙa tuwo tare tun kana rarrafe, ta ƙi jera farantan Asabar, ka sallame ta. Ka je gidanta a Fordham Road da ƙafarka ka ba ta haƙuri. Ban ce ka tura saƙon waya ba.

Na huɗu. Ka daina gaba da Humaira. Ba gulma ta kawo ba, ni na titsiye ta. Ke kuma Humaira, ki bar kiran yayanki mai mashaya a gaban 'ya'yansa. Suna amsa miki da Turanci, amma suna jin komai.

Na biyar. Gado Allah ya riga ya raba, ba na sa hannu. Littattafaina kawai na ce a kai ajin mata na masallacinmu. Turmin Inna, wanda na yi rigima da ma'aikatan jirgi kafin su ɗauko mini, ya zauna a kicin ɗin da ake daka yaji yadda ta daka.

Ina tsoron Litinin, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a sa ni a kabari ana ɗaga kofi da sunana.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a. Ku riƙe juna, ku ci tuwon Sallah a kwano ɗaya ko ba na nan.

Yanzu kai. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau na ajiye ta. Mu'awiya, na ba ka zuwa saukowa daga masallacin Juma'a. Kwalabe su fita, allon ya sauka, ka kawo mini dambu da hannunka, harshena zai yanke hukunci. In ban ji barkonon Inna ba, Asabar da safe zan je wurin lauya in ba wa Humaira da Fusena gidan abincin kyauta, ina raye, kuma ka san abin da mai rai ya bayar ba ya shiga gado. Da yamma baƙinka za su tarar da ni zaune a bakin ƙofa da sabon makulli.