Farin Fentin Philemon

Zuru, Litinin.

Yaya Hannah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Baba, yaya yara da mutanen Dirin Daji? Na ba Talle direba takardar nan ne don kada maigida ya ji ni a waya.

Yaya, tsoro nake ji. Kin san mijin nawa Philemon da salon zanen Turawan nan da yake koya wa ɗalibansa, masu shafa wa jaki shuɗi su ce haka zuciyarsu ta gan shi. To, ya zaunar da ni gindin mangwaro ya zana ni. Ɗankwalina ya fito daidai, har tabon goshina. Amma idanuna sai ya yi musu ruwan ɗorawa. Matan zumuntar coci suka yi ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Kin tuna haka ya zana mahaifiyarsa, ba a yi bikin girbi na Uhola da ita ba, hoton aka ɗaga gaban akwatin gawarta. Na juya nawa yana kallon bango, duk da haka ji nake matar nan tana kallona. Shi kuma ya bar cin abinci, sai naci wai mu je asibiti, ni da gajiyar girbi kawai ke damuna. Anya ba hannunsa ne ke kiran mutuwa ba?

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Keziah.

Zuru, Asabar.

Yaya Hannah,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na ji faɗanki, na je asibiti. Likita ya ja fatar idona ƙasa ya ce shawara ce, ta taɓa hanta. Sun kwantar da ni, ba su ce zan tashi ba, ba su ce ba zan tashi ba.

Ashe babu ruwan Turawa. Abin da ya gani ya zana. A idon uwarsa ya ɗauka hasken rana ne, a nawa ya gane, na ƙi jin bakinsa.

Ya kawo hoton ya jingine kusa da gadona, da ƙaramin gwangwanin farin fenti. Ya ce ba zai gyara idon hoton ba sai nawa ya washe. Kullum da safe yakan duba idona, ya mayar da gwangwanin aljihu, ya yi mini murmushin ƙarya.

Yaya, ki zo. Ki roƙa mini Allah a buɗe gwangwanin nan.

Taki,
Keziah.