Inda Waƙarki Ta Yanke

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu muna nan lafiya a Toranke. Baba lafiya, Hauwa da Isuhu lafiya, Gwaggo Talatu ma lafiya, sai dai ciwon gwiwar nan da kika sani. An cire gyaɗa, bana ta yi 'ya'ya.

Umma, ban iya wasiƙa ba. Wannan ce ta biyu da na taɓa rubutawa, ta farkon a jarrabawar aji shida ce. Ƙaninki Kawu Nasiru ne ya ce in rubuta miki abin da ya faru, zai sa a shafinsa na intanet, ko wani zai kauce wa irin kuskurena. Na ce masa ina jin kunya mutane su karanta. Ya ce ai kunya gadonta na yi.

Laifi na yi miki, shi nake so in faɗa. Amma bari in fara daga baya.

Ni ce 'yar farinki, saboda haka ba kya kiran sunana. In kina nemana sai ki ce, "Ke, zo nan." In maƙwabta sun tambaye ki ni, sai ki ce, "Yayar su Hauwa ta tafi rijiya." Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma ina ƙarama nakan yi shiru a bayan ɗaki in kasa kunne, ko za ki manta ki faɗa. Ba ki taɓa mantawa ba.

Sai rana ɗaya tak.

Kakar ƙarshe da kika yi tare da mu, Kawu ya zo hutu daga Kano. Muna zaune a tsakar gida da hantsi muna ɓarar gyaɗa, ke da Gwaggo da mu yara. Kin san halinki, in aiki ya yi daɗi sai ki hau haɗa waƙa a kan duk wanda idonki ya faɗa. Kawu ya ajiye wayarsa a kan turmi yana ɗauka, ba ki sani ba. Kika ce Hauwa ta ci ta ɓoye ɓawo. Kika ce Isuhu ya ci ya ce kaza ce. Sai kika juyo kaina. Waƙar ta ɗebe ki, kika faɗi sunana, kika ce ni ban ci ba don kunya ta riƙe mini hannu.

Gwaggo ta saki ƙwarya ta kama baki. Ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni! A gaban jama'a?" Kika ja mayafi kika rufe fuska kina dariya, kika ce, "Waƙa ce ta faɗa, ba ni ba." Ni kuwa na tashi da gudu na shige ɗaki, kamar ni na yi laifin.

Bayan an yi arba'in ɗinki, Kawu ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce tunda na shiga sakandare, in koyi rubutu da ita. Ya ce abin da ke tafiyar da ita sunansa Linux, ba sayensa ake ba, mutane ne da yawa a duniya suka haɗu suka gina shi kamar aikin gayya. Ya nuna mini manhajar da ke kunna waƙa. A cikinta akwai jerin sunaye, na sama ya rubuta masa "Yaya tana ɓarar gyaɗa". Ya ce, "Wannan naki ne. Ki riƙe shi da kyau."

Na riƙe, Umma. Duk ranar da aka samo caji a gidan masu sola, sai in faki idon mutane bayan na dawo daga makaranta, in sa iyafis in danna. Ban taɓa kunnawa a gaban Baba ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ga laifin. A gefen kwamfutar akwai wata 'yar kafa, a ciki akwai ƙaramin memori. Da damina memorin wayar Baba ya lalace, ya rasa karatun da yake saurara a gona. Na ga yana ta juya wayar a hannu. Sai na tuna da na gefen kwamfuta. Na zare shi, na duba allo, na ga sunayen waƙoƙin duk suna nan, har da naki a sama. Na ce a raina ashe suna cikin kwamfutar, memorin zaman banza yake. Na kai wa Baba da hannu biyu. Har albarka ya sa mini.

Lokacin jarrabawa ne, kuma hadari ya hana solar kawo wuta, na yi kusan sati uku ban buɗe ta ba. Ranar da na buɗe, na danna sunanki, shiru. Na ƙara murya har ƙarshe, shiru. Na cire iyafis, na hura kafar, na mayar. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Sai wata 'yar jar alama ta fito kusa da sunan, da rubutun Turanci da ban gane duka ba.

Na ari wayar Gwaggo na kira Kawu. Ya ce kada in tsorata, a bi abin a hankali. Ya sa na duba ko an toshe murya, ba a toshe ba. Ya sa na buɗe wani bidiyon lissafi da ya ajiye mini, murya ta fito tar. Ya ce to lasifika lafiyarta ƙalau. Ya ce in karanto masa rubutun harafi bayan harafi. Na karanto masa har ƙarshe. Ya ce, "Cewa take ba ta ga fayil ɗin ba. Duba gefe, memorin nan yana ciki?"

Umma, ban ko duba ba, na ce masa na zare shi na ba Baba.

Ya ce jerin da nake gani kamar rajistar aji ce. Sunan ɗalibi yana iya zama a rajista alhali shi ya bar makarantar. Muryarki ba ta taɓa shiga cikin kwamfutar ba, a memorin take zaune tun daga wayarsa. Ya ce laifinsa ne da bai kwafe ba, bai kuma gaya mini ba. Amma ni na san hannun da ya zare.

Kwana biyu na yi ina zagaya Baba na kasa magana. Kin san ni da shi, daga gaisuwa sai "to". A rana ta uku na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya ce da ya sa memorin, wayar ta nemi a share shi kafin ta karɓa, shi kuma ya danna amincewa. Daga nan ya kai shi kasuwar Ajingi aka zuba masa karatu. Sai ya tambaye ni, "Me ke ciki a da?" Na ce muryarki.

Ya ajiye fartanyar, ya ɓalle bayan wayar, ya ciro memorin da farcensa, ya ɗora mini a tafin hannu.

Kawu ya ce akwai sauran dama. Wai in an share abu ba ya tafiya nan take, yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, kamar gonar da aka share amma iri na ƙasa. Ya ce kada a ƙara sa komai a memorin, ko hoto ɗaya. Ya ce akwai wata manhaja mai tono abin da aka share, sai mun sauko da ita.

Kin san sabis ɗin gidanmu, sai a bayan rumbu. Can na shimfiɗa buhu bayan azahar, kwamfuta a cinya da memorin a kafarsa, wayar Baba a kan dutse tana ba ta data, wayar Gwaggo a kunnena. Kawu ya sa na buɗe wata baƙar taga wadda babu hoto a cikinta, sai rubutu. Yana faɗa ina rubutawa da yatsa ɗaya. Sau huɗu ina kuskurewa. Ya ce, "Ke 'yar fari, ki bar tazara mana, ba awara kike jerawa a faranti ba." Na yi dariya ina hawaye.

Sai tagar ta nemi kalmar sirri. Kawu sunanki ya sa tun ranar da ya ba ni ita. Na rubuta, ban ga komai ya fito a allo ba. Na ce masa ta ƙi. Ya ce haka take, tana ji, ba ta dai nunawa. Sai na tuna da ke.

Manhajar ta yi ta tono har aka kira la'asar. Kawu ya sa na ce mata ta zuba abin da ta samo a cikin kwamfutar, ba a memorin ba. Da ta gama na buɗe folda, na ga fayiloli tuli, babu mai suna ko ɗaya, duk lambobi ne. Waɗansu na danna suka ƙi buɗewa. Kawu ya ce irin muryar da waya ke ɗauka sai an ƙara wa manhajar wani abu kafin ta iya karantawa. Washegari muka koma bayan rumbu muka sauko da shi ma.

Daga nan aikin ya zama nawa ni kaɗai. Babu yadda za a san na ciki sai an saurara. Na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Wani karatun Baba ne. Wani malamin su Kawu ne yana bayani da Turanci. Wani ƙara ce kawai kamar ruwa a kan kwano. Duk wanda na ji sai in rubuta lambarsa a bayan littafin lissafina don kada in maimaita. Caji ya ƙare, in jira gobe. Kwana shida ina yi.

Ranar Talata da hantsi, ana hutun makaranta, na danna wani. Na ji ƙas-ƙas ɗin ɓawon gyaɗa. Na ji kazar nan mai wake-wake da kike korarta da ludayi. Na ji Gwaggo tana cewa a miƙo mata faifai. Sai ga muryarki.

Umma, na manta ashe haka kike shaƙewa kaɗan in za ki fara waƙa.

Hauwa ta ci ta ɓoye ɓawo. Isuhu ya ci ya ce kaza ce. Ana jin dariyar Isuhu. Ana jin kin ja numfashi za ki juyo kaina. Daga nan sai ƙara, sai shiru.

Na mayar baya na sake. Na sake. A nan take yankewa kullum. Na tura wa Kawu ya gwada da kayansu na can. Bayan kwana biyu ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce daidai wurin ne sabon abu ya hau kai, kuma abin da aka rubuta a kansa ba ya dawowa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce to.

Na kwafe abin da ya rage wuri uku, kamar yadda ya koya mini: cikin kwamfutar, da wani memori da na ƙulle a gefen zanenki mai ruwan ganye, da wajensa a Kano. Na sa masa suna da kaina. Yanzu na san bambancin suna a jeri da abin da sunan yake nufi, amma da tsada na koya.

Ran nan Baba ya dawo daga gona ya tarar da ni a bakin ɗakinki da iyafis. Ya tsaya. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na zare iyafis ɗin, na danna. Ya saurara a tsaye, fartanya a kafaɗa, har inda ta yanke. Ya ce, "Ina sauran?" Na ce babu. Ya jima yana kallon turmi. Sai ya ce, "Halinta ne. Ta faɗa sau ɗaya, ta zo ta ɗauke abinta." Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce, "Ƙara kunna mini."

Abin da ke damuna yanzu, Umma, na fara shakkar yadda kika faɗe shi. Ni dai ina ji kamar kin ja ƙarshensa ne, kika ɗaga murya. Na tambayi Gwaggo, ta ce a'a, a gajarce kika faɗa, da sauri, kamar mai satar nama a tukunya. Hauwa ta ce ita ba ta tuna ba. Da can sai in danna in ji. Yanzu babu wanda zai raba mu.

To ga abin da nake yi. In na kunna, sai in bi ki a hankali. Hauwa, Isuhu, dariya, numfashinki. Inda ta yanke sai in faɗa da bakina, ƙasa-ƙasa, yadda nake zaton kin faɗa. Wata rana in ja, wata rana in gajarce. Na san ɗaya daga ciki daidai ne.

Ki yafe mini, ban riƙe da kyau ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya miki shi kamar inuwar rumfar da kike mana ɓarar gyaɗa. Allah ya ba Baba haƙuri, ya raya Hauwa da Isuhu, ya saka wa Kawu da alheri. Allah ya haɗa mu a Aljanna. In mun haɗu ba sai kin faɗa a gaban mutane ba. Ki ja ni gefe kawai, ki ƙarasa mini waƙar. Wannan karon ba zan gudu ɗaki ba.

Ni ce 'yar farinki, yayar su Hauwa,
Ramlatu