Na Naɗi Fim a Kan Kaset ɗin Bikin Yayata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin kowa ya gyara zama ya fara rubuto mini wa'azi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san zagi zan sha, ban kuma zo a lallashe ni ba. Amma wanda bai taɓa son wani abu ba har 'yan gidansu suka mayar da shi taɓaɓɓe, ya ɗan sassauta mini, don bai san abin da nake magana a kai ba.

Ni haifaffen Dutse Uku ne a nan Jos, ni ne auta a gidanmu, yanzu ina da shagon gyaran talabijin da rediyo a Laranto. Tun ina yaro babu abin da ke shiga raina irin finafinan sararin samaniya, na kumbo da baƙin duniyoyi. Ina da kaset na bidiyo cike da kabad biyu, da faifai, da tsofaffin na'urorin bidiyo guda uku da nake share musu kai da auduga duk wata. Matata ta ce kabad ɗin sun cinye mata rabin falo, 'yan uwana kuma tun da can "ɗan sama jannati" suke kirana, idan na shigo taro sai wani ya ce a matsa, kumbo ya sauka. Na saba. Su ƙwallo suke kallo, mutum ashirin da biyu suna bin fata ɗaya, har a yi gaba a kai, amma ni ne mahaukacin?

Akwai wani shiri mai dogon zango da gidan talabijin ke nunawa duk Asabar da ƙarfe huɗu lokacin ina sakandare, labarin wasu mutane a cikin tsohon kumbo suna neman duniyar da ke da ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'yan ƙungiyarmu ta masu kallo za su gane ni nan take. Duk kashin da aka nuna sai na naɗa a kaset. Kuma ina faɗa da babbar murya, ba a sake yin shiri irinsa ba. Daga baya suka ciro mutum-mutumin da ke shara a cikin kumbon, wanda a asalin shirin bai fi ya yi magana biyu ba, suka yi masa nasa shirin na barkwanci, wai reshe. Shirme ne tsantsa, ko kyauta aka ba ni ba na so. Da suka fitar da asalin a faifai kuma sai suka taɓa ƙarshen, suka zuba kiɗa a wurin da a talabijin shiru ne kawai, kyaftin ɗin na tsaye yana rufe ƙofa da hannu. Wannan shirun shi ne shirin gaba ɗaya. A iya sanina ni kaɗai nake da shi yadda aka nuna shi tun farko, kuma a nan matsalata take.

Ranar da za a nuna kashin ƙarshe na asalin shirin, shekarata goma sha shida, na je sayen sabon kaset na tarar mai shagon ya rufe ya tafi jana'iza. Na dawo a jiƙe sharkaf, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, saura 'yan mintoci ƙarfe huɗu ta cika. Duk kaset ɗina a cike suke da kashin baya. Abin da ya rage a kan na'urar shi ne kaset ɗin bikin babbar yayata, zan kira ta Yaya Binta ko da yake ba sunanta ba ne. Wata biyar da bikin, kaset ɗin yana gidanmu saboda mijinta ba shi da bidiyo. Masu shekaruna sun san yadda ake yi: ana karya ɗan haƙorin da ke gindin kaset don kada a naɗi wani abu a kai, amma idan ka manna salatif a ramin, na'ura za ta karɓa. Na manna. Niyyata wallahi in tura zaren can ƙarshe inda babu komai. To amma dokar Baba ce duk wanda ya gama kallo ya mayar da zare farko, turawa kuma tana cin lokaci, ga kiɗan buɗe shirin ya riga ya fara. Ba zan yi muku ƙaryar cewa kuskure ne ba. Na tsaya da yatsana a kan maɓallin, na san abin da ke farkon kaset ɗin, na danna.

Abin da ke farkon kaset ɗin shi ne ɗaurin aure, da doguwar addu'ar da Baba ya yi wa Yaya Binta a tsakar gida, hannunsa a kanta. Minti hamsin na farko suka tafi. Shekara ɗaya bayan nan Baba ya rasu, kuma babu wani wuri a duniya da aka taɓa ɗaukar muryarsa sai nan.

Yanzu ku ce mini mugu, na ji. Amma ni ma ina da tambaya. Wa ya san Baba zai tafi? Mutum ne da ke hawa keke har Gada Biyu ya dawo bai yi haki ba. An kalli kaset ɗin nan ya fi sau goma, har maƙwabta sun gaji, kowa ya haddace wa ta sa wane leshi. Mai ɗaukar bidiyon ya ce a yi kwafi biyu, mijin Yaya ya ce ɗaya ya isa, shi ba a ga laifinsa ba? Kuma abu mai daraja haka, me ya sa aka bar shi a kan na'ura wata biyar ƙura na hawa, a gidan da kowa ya san akwai yaro mai naɗar fim? Ban ce ba ni da laifi ba. Cewa nake yi yaro ɗan shekara sha shida ya yi, ba wannan mai furfura a gemu da ke rubuto muku ba.

Inda na fi jin kunya shi ne abin da ya biyo baya. Bayan sadakar arba'in Yaya Binta ta ce in ba ta kaset ɗinta za ta tafi da shi. Na ce ta bari in nemo. Na shiga kicin na kara kaset ɗin a bakin butar shayi har tururi ya saki takardar da aka rubuta sunan bikin, na ɓare ta a hankali, na manna a kan wani kaset. Kun san wanne na zaɓa? Wanda na naɗi kashi uku na farko na shirin mutum-mutumin nan, lokacin ina zaton abin kirki ne. Shi kaɗai ne ba zan yi kewarsa ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ba za ta iya kallo yanzu ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kafin zuciyar ta ɗauka, zamanin kaset ya wuce. Shekara ashirin da wani abu ke nan yayata tana ajiye da mutum-mutumi mai shara a ƙasan akwatinta, tana zaton Baba ne.

Makon jiya ta shigo shagona da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. 'Yarta ta fari za ta yi aure wata mai zuwa. Ta zauna a benci, ta ciro wani abu a naɗe cikin ɗankwali yana ƙamshin turaren wuta, ta ɗora mini a kan tebur tsakanin wayoyi da dalma. Ta ce, "Auta, yau dai haukarka ta yi rana. An ce kai kaɗai ka rage da irin na'urar nan a garin nan. Ka juye mini shi a filash, ina so a sa addu'ar Baba ranar walima, yarinyar nan ta ji kakanta ya sa albarka." Na ce, "To, Yaya." Ta ce, "Fuskarsa ina ganinta, akwai hoto. Muryar ce ta ɓace mini. Ina rufe ido in nemo ta, ba ta zuwa." Na sake cewa to, na kama kwance wata rediyo da babu abin da ya same ta. Kun ji wai haukata ta yi rana. Shekara da shekaru ana yi mini dariya, ranar da aka tashi girmama abin nawa kuma sai ta zama wannan.

Na rufe shago na tafi Gada Biyu wurin abokina Pam, wanda muke ƙungiyar masu kallo tare. Shekara goma muna musu da shi, don shi har yau cewa yake reshen ya fi asalin daɗi, Allah ya shirye shi. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya ce, "Oga, wannan ba wahala. Ka ce fumfuna ya ci zaren. Sanyin Jos, damina, wane kaset ne zai kai shekara ashirin a akwati? Ai kai ne likita, abin da ka faɗa shi ne." Na ce ai ba duka na goge ba, sauran bikin yana nan bayan fim ɗin. Ya ce, "To ka yanke fim, ka ba ta sauran, ka ce farkon ya ruɓe. Kowa ya huta."

Maganar gaskiya, ban taɓa barin ainihin kaset ɗin bikin, wanda ke wurina, ya wuce ƙarshen shirin ba. Da sunaye sun fara hawa nake tsayarwa in mayar farko. Shekaranjiya da rana na kulle ƙofar shago na bar shi ya ci gaba. Hoto ya yi yayyafi, sai ga tsakar gidanmu, ga tukwanen shinkafa, ga gwaggonninmu da rabinsu sun rasu suna ta guɗa. Na zauna ina kallo har kusan ƙarshe babu Baba. Can sai bayan babbar rigarsa ya gifta ta gefen hoton, ko fuskarsa ba a gani, na ji muryarsa tar: "Auta, kashe talabijin ɗin nan ka fito ka shimfiɗa tabarmi, baƙi na tsaye." Shi ke nan abin da ya rage na muryar mahaifinmu a duniya, faɗa yake yi mini a kan kallo. Na mayar na sake ji ya fi sau ashirin, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Duk da haka, masu niyyar ce mini in tara kaset-kaset ɗina in cinna musu wuta don in nuna tuba, ku adana ƙarfinku. Ba zan ƙona ba, ba zan daina kallo ba, kuma ƙona su ba zai dawo da addu'ar ba. Da ban zama mai tara kaset ba, ko wannan 'yar muryar da tuni ta tafi bola tare da na'urorin kowa.

Na riga na yanke shawarar bin maganar Pam, har na yanke fim ɗin a kwamfuta, sai jiya Yaya ta kira ni. Ta ce, "Auta, ya ake ciki? Allah ya sa ban lalata shi da ajiya ba. Akwatin a jikin bango yake, kuma bangon nan yana tsatsafo da damina. Tun da na kawo maka ban samu sukuni ba. In ya lalace a hannuna, wallahi ba zan yafe wa kaina ba." Ta ce ranar Asabar za ta zo da amaryar mu kalla tare kafin a kai wurin walima.

To ga inda nake. Idan na ce fumfuna ce, za ta yarda, don ba ta taɓa zargina da komai ba, kuma za ta ɗauki laifina ta ɗora wa kanta har ta mutu. Idan na faɗi gaskiya, za ta san cewa ƙaninta ya dubi idonta kwana arba'in da rasuwar ubansu ya miƙa mata kaset ɗin ƙarya, ta kuma yi shekara ashirin tana turara shi. Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi?