Haƙurin da Aka Ba Oga

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Oga Joshua ya dakatar da Clinton daga aiki yau.

Da safe wasu mata sun zo maɗaba'armu zaɓen hoton da za a sa a takardar jana'izar babansu. Jamila, mai tsara mana zane a kwamfuta, ta shigo da jakarta a kafaɗa. Clinton ya ɗago daga bakin inji ya ce, "A laluba jakar nan tukuna, mu muna da yara a gida." Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya. Jamila ta ajiye jakar a kan tebur, ta zuge, ta fito da kwamfuta, caja, sallaya da kular abinci.

Bam yake nufi, kuma ba yau ya fara ba. Ita kaɗai ce Musulma a cikinmu, daga Makera take hawo keke zuwa Sabon Tasha, kuma hannunta ya fi na kowa.

Oga ya so korarsa nan take. Na ce ya dakata a tambayi lauya. Na daɗe ina ɗauko rahoton kotu kafin jaridarmu ta rufe, na ga yadda korar fushi take komawa kan mai kora.

Talata, 7 ga Oktoba

Jamila ta zo. Ta gama kalandar makarantar Kakau. Shiru a shago, har da daɗi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je ofishin Barista Vicky. Ta ce hanya a buɗe take: a ba shi tuhuma a rubuce, ya amsa, a zauna a ji bakinsa da na shaidu, sannan a yanke. Ta tambaya ko zan ba da shaida. Na ce ni dai zan rubuta abin da aka faɗa a zaman.

"Anti Schola, ba a jarida kike ba yanzu," in ji ta.

Gwaggon Clinton ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Benci ɗaya muke zama. Ban gaya wa Vicky wannan ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na iske Clinton a bakin inji yana fito.

Ashe jiya bayan an tashi sujada, dattawa sun bi Oga har gidansa a Unguwar Boro. Kawun Clinton, da dattijon coci, da gwaggon. Clinton ya durƙusa a tsakar falo. Oga ya ce ya wuce, ya dawo aiki gobe. Aka yi addu'a, aka sha lemo.

"Schola, mutumin da ya girmi ubana ya cire hula a gabana. Me kike so in ce?"

Na ce, an je Makera?

Ya kalle ni kamar na tambaye shi hanyar Legas.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na gaya wa Vicky a waya, ta ce, "Ya ce ya yafe, a gaban mutane, kuma ya mayar da shi bakin aiki?" Na ce haka aka yi. Ta ce to da wuya a sake korarsa a kan maganar jaka, don lauyansa zai ce an riga an yafe laifin, kuma dattawan nan su ne shaidunsa. Ana iya sallamarsa da sanarwa, amma kotun ma'aikata kan nemi dalili yanzu. Sai dai in ya yi sabon laifi.

Oga ma ba zai taɓa shi ba. Ya ba manya bakinsa.

Abin da ya tsaya mini: babu wanda ya yi nufin mugunta a falon nan. Haka muke kashe rigima tun ina yarinya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Jamila ta same ni ina duba kurakuran wani littafin waƙoƙin coci. Ta ce ƙarshen wata za ta ajiye aiki.

Na fara yi mata bayanin doka, dalla-dalla yadda na iya. Ta bari na gama.

"Anti, na gane. Ni aka yi wa, Oga aka ba haƙuri."

Mahaifinta tun farko bai so ta riƙa zuwa wannan ɓangaren na Kiristoci ba. Ita ta dage, ta ce mutanen kirki ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Gwaggon ta riƙe hannuna bayan sujada, ta ce ta gode da na hana a kore shi. Haka labarin ya isa gare ta.

Talata, 21 ga Oktoba

Azahar. Jamila ta shiga ɗakin takardu yin salla, Oga ya fita banki. Clinton ya matso kusa da ƙofar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kowa ya kwanta, an fara ƙirge." Ya yi ƙarar fashewa da baki. Sannan ya waigo.

"Anti ba ta ji komai ba. Ko, Anti?"

Na ci gaba da karatu. Layi ɗaya na yi ta maimaitawa har aka tashi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na gaya wa Oga, a gaban Clinton, kalma bayan kalma, da lokacin da ya faɗa. Clinton ya ce, "Haba Anti, wasa ne fa. Coci ɗaya muke." Na ce na sani.

Vicky ta ce wannan sabon laifi ne, kuma ta sa sunana a shaida. Ba wani abu ba ne. Abin da na ji na faɗa. Na kuma roƙi Oga, in an sake zuwa gidansa, ya ce maganar tana hannun lauya. Ya sosa kai, ya ce Allah ya sa kawun bai zo da kansa ba.

Gwaggon ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Zan ɗauka, ba yau ba.

Jamila ta ce za ta jira ta ga zaman kafin ta yi wa babanta maganar ajiye aikin. Vicky ta sa shi Juma'a da ƙarfe goma. Oga bai tabbatar ba tukuna.